Ranar da Na Kira Sunansa

Waɗanda suke wurin a ranar, wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, su ne: ni kaina, da Zainabu 'yata ta biyu, wadda ke rubuta wannan yanzu ina faɗa mata, uwarku Nawal, kakanku na wajen uwa, Alhaji Siraj, Allah ya jiƙansa, da matarsa Hajiya Fauziyya, kawunku Majid, ƙanin uwarku, ku uku, Rayyan da Lujain da Faisal, wanda a lokacin ko haƙoran gaba bai gama mayarwa ba, sai Goggo Adama, da ta sauko daga Nakkasa, tsohuwar unguwarmu ta kan dutse, da ƙwaryar nono naɗe cikin zane. Sai kuma babanku. Kun san ba na faɗar sunansa. Na jero su ne saboda wasu sun rasu, wasu sun manta, wasu kuma sun riƙe abin ta ɓangaren da ya yi musu daɗi. Abin da kuka tashi kuna ji shi ne Sitti, wato ni kakarku, ta ci mutuncin babanku a gaban surukansa a kan ɗan nono. Haka uwarku take ba da labarin, kuma ban ce ta yi ƙarya ba. Amma ku saurari nawa kafin a sa ni a rami.

Ku 'yan Makka ne, dole in fara muku daga tushe. A can ƙasar Kano inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya yi laifi ma ba ita ke tsawata masa ba, sai ta bar wa kaka ko goggo. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Uwata ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba har muka binne ta a Sudan a hanyarmu ta zuwa nan. Ni ma haka na riƙe. Yana jariri "yaron nan" nake cewa, da ya yi gemu na koma "wancan", da ya haifi Rayyan na samu sauƙi ya zama "baban Rayyan". Larabawan nan kuwa al'adarsu a juye take, da sunan ɗan fari suke kiran uwa. Duk asibitin da na je, duk gidan bikin da na shiga, sai a ɗaga murya a ce Ummu wane, in sunkuyar da kai in amsa kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Hajiya Fauziyya ta gane ba na so, sai ta riƙa faɗa tana maimaitawa, tana kallon fuskata tana murmushi.

Goggo Adama kuma kun san ta a matsayin tsohuwar da ke sayar da fura da nono a unguwar Mansur, mai ba ku dabino daga bakin zaninta. Bafulatana ce, iyayenta makiyaya ne, ta Chadi suka biyo zuwa Makka kamar mu, sai dai su da shanunsu suka taso, suna sayarwa a hanya har suka iso bakin teku ba ko maraƙi. A Nakkasa muka zama maƙwabta, bango ɗaya, in ta yi tari ina ji. Da na haifi babanku zazzaɓin jego ya kwantar da ni, nonona ya ƙafe ƙaf. Yaro yana kuka har muryarsa ta dishe. Kakanku Malam Garba, mijina, a lokacin dako yake yi wa alhazai, ba shi da abin sayen madarar gwangwani kullum, ga shi in an ba yaron ma sai ya amayar. Adama na goyon 'yarta Hadiza. Ba wanda ya roƙe ta. Ta shigo, ta ɗauke shi daga gefena, ta zauna a bakin ƙofa ta ba shi. Haka ta yi ta yi har aka yaye su tare, shi a dama Hadiza a hagu. Kuma tun da ni ba na iya yi masa faɗa, ita ce ta ja masa kunne, ita ta kai shi makarantar allo, ita ta yi masa tofi da ya yi ƙyanda. A shari'a uwarsa ce. A gaskiyar Allah ma ta fi ni wahala da shi.

A shekarar da nake ba ku labari abubuwa sun buɗe wa babanku. An ƙara masa girma a kamfanin da yake kama wa alhazai masauki, ya ɗauke ni daga Nakkasa da aka fara rushe ɓangarenmu, ya kama mini shugga, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Ka'akiyya ni da Zainabu, hawa na biyu, da na'urar sanyi a kowane ɗaki. Adama ta rage a can saman dutse, nasu layin ba a kai gare shi ba tukuna. Da aka yi hutun makaranta sai ya ce zai kai ku ƙasar Kenya kallon namun daji, abin da kuke ce wa safari. Ya aiko uwarku ta tambaye ni ko zan je. Na ce ta faɗa masa na gode, ni na ga daji da ƙafata, na kwana a cikinsa kura na kuka, ban kuma biya kowa ba. Kuka tafi da Majid. Da kuka dawo na ce a zo gidana a ci abinci a yi barka da dawowa, na kuma aika wa Adama ta zo ta ga ɗanta.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai tun kafin a zuba abinci ya faru. Adama ta shigo, ta gaida kowa, ta wuce wurin mata. Alhaji Siraj ya taɓa ganinta a bikin iyayenku amma ya manta, sai ya tambayi babanku wace ce wannan. Ina jinsu ta bayan labule. Babanku ya ce da Larabci, maƙwabciyarmu ce ta da can, tana son Ummi sosai. Iyakar abin da ya ce ke nan. Na kalli Adama, tana kwance ƙullin zanin ƙwaryarta, ba ta ɗago ba. Larabcinta ya fi nawa, a kasuwa take yini. Na haɗiye maganar, don ba ni ce mai gyara masa zance ba.

Bayan an ci an sha shayi, Majid ya haɗa wayarsa da talabijin, aka janye labulen da ke tsakanin majalisin maza da namu don kowa ya gani. Ba zan ɓoye muku ba, da farko na ji daɗi. Na ga giwa da 'ya'yanta suna tsallake hanya, na ga raƙumin dawa yana cin ganye a saman itace, na ga zaki kwance kamar wani mai gida da ya ƙoshi. Da biri ya fizge wa Faisal ayaba yaron ya kwasa da gudu yana kuka, na yi dariya har na share hawaye. Adama kuwa shanun dawa take kallo tana cewa ramammu ne, ba mai kula da su.

Sai hoton ya koma wani ƙauye na makiyaya, Masai suke ce musu, dogaye masu jan mayafi. Bukkokinsu gajeru, an shafe su da kashin shanu, an kewaye garke da ƙaya a tsakiya. Adama ta gyara zama. Ni ma na gyara, don irin wannan shingen ƙayar na sani. Wani saurayi ɗan garin, wanda ke muku jagora, ya tsayar da ku a bakin shiga yana magana, Zainabu tana juya mini. Ya ce gidan mutane ne za ku shiga, ba kasuwa ba. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaye shi. Yaro in zai gaida babba ya sunkuyar da kai, babban ya ɗora masa hannu. Kada a tambayi mutum yawan shanunsa. In an kawo nono a karɓa da hannu biyu, wanda ba zai iya sha ba ya kai bakinsa kawai ya mayar da godiya, ba wanda zai ji haushi. Adama ta ce a hankali, wannan yaron an yi masa tarbiyya.

Daga wata bukka tsohuwa ta fito, kanta a aske, wuyanta cike da duwatsun ado, riƙe da doguwar gora mai murfin fata. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Lujain, ke ta fara miƙa wa, kuma ina so a rubuta wannan don haƙƙinki ne: kin sunkuyar da kai ta dafa ki, kin karɓa da hannu biyu, kin kurɓa, fuskarki ta yamutse amma kin haɗiye, kin kuma faɗi kalmar godiyar da jagoran ya koya muku. Tsohuwar ta yi dariya ta shafa kumatunki. Na san abin da ya yamutsa miki fuska. Makiyaya da garwashin itace suke gyara cikin gora, nonon sai ya ɗauki ƙanshin hayaƙi. Ina yarinya, a tsakanin Chadi da Sudan, guzurinmu ya ƙare, ƙafafun ƙanena suka kumbura, matan wasu makiyaya da ko yarensu ba ma ji suka riƙa fitowa da irin wannan gorar suna ba mu. Ubana yakan ce mu karɓa a durƙushe, don matar da ta ba ka nono ta rage wa ɗanta ne. Ina zaune a Ka'akiyya cikin sanyin na'ura, sai da na ji hayaƙin nan a harshena.

Aka zo kan babanku. Ana jin muryar Majid daga bayan waya yana tsokanarsa, yana cewa ga takarna na asali, ka gaida danginka. Kun san takarna sunan da Larabawa ke kiranmu da shi ne, wani lokaci don a gane mu, wani lokaci don a taka mu. Majid kuwa baƙi ne kamar ni, kakan ubansa daga Sakkwato ya zo, sai dai Hausarsu ta tsaya a "sannu". Babanku ya yi dariya ya ce alhamdu lillahi da kakansa ya yi tafiya, da yanzu shi ne nan da jan mayafi yana korar ƙuda. Ya karɓi gorar da hannu ɗaya. Ya shinshina, ya juyo ya yi wa wayar fuska irin ta mai jin amai. Ya ɗaga ta kamar yana sha, bakinsa a rufe. Tsohuwar ta duƙa tana gyara wa wani ɗan jikanta mayafi, shi kuwa sai ya mai da hannu baya ya tsiyaye nonon duka a ƙasa, ya goge baki, ya shafa ciki, ya miƙa mata gorar yana cewa mashaa Allah.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Hajiya Fauziyya har tana dukan cinya. Ku yara kuna birgima a kan darduma. Amma ni aikina ke nan tun ina yarinya, kallon abin da mutane ba sa kallo. Tsohuwar nan ta gani. Tana duƙe, amma na ga wuyanta ya tsaya cak lokacin da nonon ya taɓa ƙasa. Ta miƙe ta karɓi gorarta, ta jijjiga ta kaɗan ta ji ba komai. Ta kalli farin da ke kwance bayan takalminsa. Sai ta sa ƙafarta, ba takalmi, ta ja ƙasa ta rufe shi a hankali, don kada yaran gidan su gani. Sannan ta ɗago ta yi masa murmushi, irin wanda ake yi wa baƙo, ta ce masa wani abu da jagoran ya juya da cewa tana masa fatan ya sauka lafiya. Ita ce ta rufa masa asiri. Ɗana ya zubar mata da abincin gidanta, ita kuma ta binne masa abin kunyarsa da tafin ƙafarta.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kamar an yaye mini mayafi a tsakiyar Harami. Na kasa kallon Adama. Ƙwaryar nononta na ajiye a gabanmu, an sha rabi, ludayi a ciki. Na ce a raina, Rabi, yi shiru, baƙi za su tafi, ki sa Zainabu ta faɗa masa gobe. Wallahi da hoton ya wuce a nan, da shirun na yi. Sai Faisal ya tashi yana tsalle yana cewa a sake, a sake wurin da Baba ya yi wayo. Majid ya mayar da hoton baya. Babanku yana kishingiɗe yana murmushi yana jan carbi. A gefena na ji motsi, na duba, Adama ce take laluben takalmanta da ƙafa, tana jan mayafinta, za ta fice ba tare da kowa ya lura ba, yadda maƙwabciya take ficewa.

Zainabu, rubuta sunan, ke kin san shi. Ni ba zan sake faɗa ba.

"Idrisu."

Ban ɗaga murya ba. Amma ɗakin ya mutu. Zainabu ta saki kofin da ke hannunta. Surukansa ba su san nauyin abin ba, sun dai ga fuskarsa. Mutum mai furfura a gemu, bai taɓa jin wannan sunan daga bakina ba tun da aka raɗa masa shi. Ya tashi zaune kamar an watsa masa ruwa, carbin ya faɗi.

"Na'am, Ummi."

"A kashe abin nan."

Majid ya kashe. Na riƙo gefen mayafin Adama don kada ta fita, na ce wa Zainabu ta juya wa Alhaji Siraj abin da zan faɗa. Zainabu ta ce, Inna, don Allah ki bari. Na ce ta juya. Ta rufe fuska da hannu ta ƙi. To, sai na faɗa da kaina, da Larabcina na kasuwa, wanda kuke dariya in na yi, mai mai da namiji mace da mace namiji.

"Alhaji, ɗazu ka tambaya wace ce wannan, aka ce maka maƙwabciya. Ba maƙwabciya ba ce. Uwarsa ce. Ni na haife shi, nonona ya ƙafe, wannan ta shayar da shi har ya yi ƙafa. 'Yar makiyaya ce, irin waccan da kuke wa dariya. Naman da ke jikinsa, wanda ya auri 'yarka da shi, da nonon makiyaya aka gina shi."

Sannan na juya wurinsa, na koma Hausa, na kalle shi ido cikin ido, abin da shi ma ban taɓa yi ba.

"An ce maka in ba za ka sha ba ka kai baki ka mayar. Me ya fi wannan sauƙi? Yarinyarka ta iya, kai ka kasa? Matar nan ta gan ka. Ta gan ka, ta rufe da ƙafarta."

Idonsa ya yi ja, yana kallon darduma. Uwarku ta tashi ta ja ku zuwa ɗaki, ina jin Faisal yana tambaya me Baba ya yi. Alhaji Siraj mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya miƙe da sandarsa, ya tako har bakin wurin mata, ya ɗora hannu a ƙirji ya gaida Adama gaisuwar da ta dace da ita, ya ce ta yafe musu ba su sani ba. Adama ta amsa a gajarce. Daga nan ya ce wa matarsa su tafi, la'asar ta gabato. Hajiya Fauziyya ta wuce ni ba sallama. Ranar ce ta ƙarshe da ta kira ni Ummu wane, kuma ranar ce ta ƙarshe da suka ci abinci a gidana har Alhaji ya rasu. Adama ta zare mayafinta daga hannuna, ta ɗauki ƙwaryarta da sauran nonon a ciki, ta fita. Babanku ya zo ya sumbaci kaina kamar yadda ya saba, leɓensa sanyi ƙalau, ya kwashe ku kuka tafi.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku, ko da ba ku san dalili ba. Bai sake taka gidana ba sai da babbar salla. Bai yanke mini komai ba, shinkafa da magani da kuɗin haya suna zuwa a kan kari, amma a hannun direba. Da ya dawo zuwa ma, a bakin ƙofa yake zama, ya tambayi gwiwata, ya duba agogo. Da can yakan kishingiɗa a kan shimfiɗata ya yi ta ba Zainabu labari da ƙarfi don in ji, ni kuma ina tsintar shinkafa kamar ba na saurare. Haka muke hirarmu, ni da shi, shekara da shekaru, ta bakin wani. Wannan ita ce ta tafi, kuma ba ta dawo daidai ba har yau. Labari kuma ya zaga matan da muka taso tare cewa Rabi ta kira sunan ɗan farinta a gaban surukai. Wata a gidan makoki ta ce mini, ashe zaman Ka'akiyya ya mai da ke Balarabiya.

Kada ku ɗauka ina ba ku labarin nan don ku ce Sitti jaruma ce. In na tuna tsohuwar can kunya nake ji, in na tuna fuskar babanku kunya nake ji, ban san wadda ta fi ba. Na tambayi Lujain daga baya ko ta san sunan matar. Ba ta sani ba. Ba wanda ya tambaya a cikinku. Kun san sunan otal, kun san sunan da aka sa wa zakin, amma matar da ta fito da abincin jikokinta ta ba ku, ba ta da suna a gidanmu, balle in sa a nemo ta a ba ta haƙuri. Ina dai sa ta a addu'a da "mai gora", Allah ya san wadda nake nufi. Ku masu fasfo ne, za ku je ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Duk gidan da kuka shiga, ko da kuɗi kuka biya a ƙofa, gidan wani ne. Abin da aka miƙo muku, wani ne ya haƙura da shi.

Washegari da na idar da sallar asuba ban koma shimfiɗa ba. Na jira gari ya yi haske, na sa abaya, ban tashi Zainabu ba, na tari mota zuwa gindin dutsen Nakkasa. Daga nan sai ƙafa. Rabon da in hau tun da muka tashi. Layinmu na da ya zama fili, tarin bulo da ƙarafa, na gane inda ɗakina yake ne da wani guntun bango mai shuɗin fenti. Gidajen da suka rage duk an yi musu jan rubutu a jiki, ba na karatu amma kowa ya san na rushewa ne. Na riƙa hawa ina hutawa a kan matakala, yara masu tafiya makarantar allo suna ratsa ni. Na tarar da Adama a tsakar gida tana cura fura za ta sauka Mansur. Na yi sallama ta amsa, ta tura mini kujera 'yar tsugunno da ƙafa, ba ta dube ni ba. Na zauna ina mai da numfashi. Na zo ne in ba ta haƙurin abin da aka yi mata, na kuma ɗauka za ta ce na kyauta. Ta cura ta ajiye, ta cura ta ajiye, sannan ta yi magana.

"Kin kira sunansa."

"Na kira."

"A gaban surukansa. Da 'ya'yansa a zaune."

"Adama, ke fa ya ce wa maƙwabciya."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Kin ga na tanka? Takalmina nake nema in tafi, in ya zo gaishe ni in rufe ƙofa in ja masa kunne, ba mai ji. Haka nake masa tun yana cikin tsumma. Wa ya sa ki? Ke da ba ki taɓa goya shi ba, ranar da za ki fara buɗe baki a kansa sai ki tsirara mini yaro a gaban Larabawa?"

Hannunta duk gari. Ban taɓa ganin ta yi fushi da ni haka ba, ko lokacin da akuyata ta cinye mata gero. Sai na sauko daga kujerar, da gwiwoyin nan nawa da ba sa lanƙwasuwa, na durƙusa a kan simintin gidanta. Na ce ta yafe mini abin da ɗana ya yi mata. Ta ci gaba da cura furarta. Na ce ta kuma yafe mini abin da na yi wa ɗanta.

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta turo mini turmin da sauran dafaffen garin a ciki.

"Tashi, kada ki karye mini a gida. Kirɓa wannan, rana na yi."

Na tashi na ɗauki taɓarya na kirɓa.